Ƙwaryar Dusa da Iya Ta Ajiye

Uwar mijina ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Iya muke ce mata. In kun ga sunan ya fito a gaba, wani ne ya faɗa, ni rubutawa kawai na yi. A ƙauyensu, wanda ke gabas da Aujara kamar tafiyar rabin sa'a a ƙafa, Iya ta Tudu ake kiranta, kuma waɗanda suka fara laƙaba mata sunan ba don girmamawa suka yi ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce mace ce mai daɗin zama ba. Siririya ce, baƙa, mai idon da ke hango tsakuwa a cikin tuwo tun daga bakin ƙofa. Shekarar da aka kawo ni gidan, 1990, ta sa na sake regaye gero sau uku a wuni ɗaya. Na yi kuka har na gode Allah. Amma daga baya mun shirya, don ta gane ni ma ba na mantuwa, ita kuwa ba ta raina mai riƙo.

A ɗakinta akwai wata 'yar ƙwarya a ragaya, an naɗe ta da tsohon ɗankwali. Ba a sha a cikinta, ba a awo da ita. Wata rana na rasa abin dama fura, na miƙa hannu na sauko da ita. Iya na zaune tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Maijidda, mayar da ita inda kika gan ta."

"Iya, ai ba kowa a kanta."

"Akwai. Ta Nata'ala ce. Ya ba ni da kaya a ciki, ni ma da kaya zan mayar masa."

Kawu Nata'ala ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme shi da shekara goma sha biyu. Gidansa na bayan namu, ana jin tarinsa. Amma tun da na zo ban taɓa ganin sun gaisa ba, ko ranar salla. Maigidana ne ya ba ni labarin, shi ma sai da na matsa masa.

Ƙasar can tudun rairayi ne a jere, tsakanin tudu da tudu kuma kwari. Mahaifinsu, Malam Sale, ya bar gona biyu, ɗaya a tudu, ɗaya a kwari. Ya rasu a ƙarshen 1983, lokacin da aka yi shekaru sama tana rowa. Hadari ya taso ya yi baƙi, iska ta kwashe shi ta tafi. A shuka gero a tudu sau uku, sau uku rana ta ƙone shi. Kwari kaɗai ke riƙe laima, dawa ta yi kai ko da ruwan shekara bai taka kara ya karya ba.

Kawu bai san noma ba a lokacin. Tun yana saurayi yake tashar mota a Kano yana kamasho, rasuwar ce ta dawo da shi. Amma ba sai ka iya noma za ka gane inda ke da kore ba. Ya tara dattawa biyu, ya ba su goro, aka ce namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Iya ba ta taɓa jayayya da wannan ba, hukuncin Allah ne. Abin da ya ci mata rai shi ne, kashinsa biyu duk suka faɗa cikin kwari, nata ɗaya ya faɗa kan rairayi tsantsa. Ga ta gwauruwa, mijinta ya rasu, ga maigidana yana ɗan shekara goma sha bakwai, ga autarta Safina mai shekara uku.

Daminar tamanin da huɗu ta zo, wadda tsofaffin yankin har yau ba sa son a tuna musu. Geron Iya bai kai gwiwa ba ya bushe a tsaye. Ta goyi Safina ta tafi kwari, ta tarar da ƙaninta a cikin dawa kore shar. Ta roƙe shi kunya goma kacal a gefe, ta sa wake kafin laimar ta tafi. Ya ce an riga an raba, abin da Allah ya ba mutum shi ne nasa. Da yamma ya aiko mata da wannan ƙwarya cike da dusa, wai ta ba awaki. Ya san sarai an sayar da awakin tun bazara.

Dusar suka dama suka sha. Da ƙyanda ta shigo gari a ranin nan, ta tarar da Safina ba ta da jikin da za ta tsaya mata. Kwana shida ta yi, Allah ya karɓi abarsa.

Tun daga nan Iya ba ta bar wanda bai ji ba. A rijiya, a gidan suna, a gidan makoki, maganarta ɗaya ce: Nata'ala ya cuce ta a rabon gado, kuma wata rana sai ta tsaya da shi a gaban alƙali. Mutane suka gaji da ji, suka koma yi mata dariya. Ita kuwa ta duƙufa a kan rairayin nan. Da ta sami akuya biyu, ta riƙa ɗaukar takinsu a ka tana kaiwa tudu, kwando bayan kwando, rani da damina. Da aka ƙirƙiro jiha a 1991, maigidana ya sami aikin gini a Dutse, muka kama ɗaki a unguwar Yalwawa. Ya yi juyin duniya ta biyo mu, ta ce tana da aikin da ba ta gama ba.

Akwai wani abu da take yi wanda ya fi ba mutane dariya. A tsakiyar kwarin Kawu akwai wata tsohuwar giginya. Duk ƙarshen damina sai Iya ta ɗauki wuƙa ta ratsa gonar da ba tata ba, ta je ta yi tsaga a jikin giginyar. Wata shekara na zo hutu da yara, ta ce in raka ta. Sai ga tsaga-tsaga sun kusa zagaye gindin bishiyar, wata a sama, wata a ƙasa, kowace da tazarar yatsa ɗaya daga 'yar'uwarta.

"Karatun Baba ne," in ji ta. "Inda ruwa ya tsaya a shekara, nan yake tsagawa. In ruwa bai kwanta ba, sai ya tsaga a ƙasa, dab da saiwa. Giginya ba ta ɗaga abin da aka rubuta mata, inda ka sa shi nan zai zauna."

Ta kama hannuna ta bi da shi. Na farko-farko duk suna sama, wasu sun kai ƙirjina, shekaru wajen ashirin a jere. Ta ce lokacin tana yarinya ne, a nan suke kama tarwaɗa da hannu, Malam Sale yana shuka shinkafa a tsakiya, dawa a gefe-gefe. Daga nan tsagun suka gangaro suka kwanta a ƙasa, su ma wajen shekara ashirin. Waɗanda ta yi da hannunta a baya-bayan nan kuwa sun fara hawa. Ta kuma nuna mini wani abu. Ko a cikin shekarun da tsagun ke sama, ba a jera shida ko bakwai sai ɗaya ta faɗo ƙasa warwas.

"Nata'ala ya san wannan?"

"Yana tasha yana kiran Wudil, Gaya, Dutse. Ina zai sani?"

Kawu ya taɓa aiko mata cewa ta daina yi masa tsafi a gona. Ta ce a gaya masa ba ta ce ta san gobe ba, gobe ta Allah ce. Jiya ta sani, kuma jiya ba haramun ba ce.

Ruwa ya dawo kamar yadda tsagun suka fara nunawa. A casa'in da huɗu dawar Kawu ta tsaya a ruwa mako uku, ta yi rawaya ta ruɓe. Ya ce tsautsayi ne. A casa'in da takwas da casa'in da tara kwarin ya zama tafki, har da agwagwa. Ya gwada shinkafar zamani mai gajeren kara, ruwa ya shanye ta a kwana biyu. Tudun Iya kuwa, da takin shekara goma sha biyar a cikinsa, ya riƙa ba da gero dami arba'in, dami hamsin. Sunan da aka sa mata don tsiya ya koma kirari. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi ƙwarai. Duk lokacin da na ga Kawu ya dawo daga kwari da wando a naɗe da laka har cinya, sai tuwo ya ƙara mini daɗi.

Sai shari'a ta zo a shekarar 2000. Mutane da yawa sun tuba da gaske, an mayar da gonaki, an mayar da amanar marayu, na gani da idona. Kawu ma ya ajiye gemu, ya ɗage wando, ya koma sahun farko. Ba mu ankara ba sai ga sammaci an kawo wa Iya. Kawu ne ya kai kansa ƙara. Ya ce wa alƙali shekara goma sha shida yayarsa tana cewa ya zalunce ta, yanzu tsoron Allah ya kama shi, ya amsa laifinsa. Yana so a warware rabon, a ba ta kwarin da ta daɗe tana kuka a kai, shi ya haƙura da tudun.

Kun ga wayo irin na ɗan tasha. Da bakinta ya ɗaure ta. In ta ce ya cuce ta, an ba ta tafki an ɗauke mata gonar da ta gina da wuyanta. In ta ce bai cuce ta ba, ta riƙe tudunta, amma ta wanke shi a bainar jama'a, ta zama tsohuwar da ta yi shekara goma sha shida tana yi wa ƙaninta ƙazafi.

Muka taso daga Dutse. Maigidana ya durƙusa a gabanta.

"Iya, ki ce kin yafe, ba ki da ƙorafi. Magana ce kawai. Gonar nan ita ce abincinki."

"Magana ce kawai," ta maimaita, tana kallonsa har ya sunkuyar da kai. "Ƙanwarka ma magana ce kawai?"

Ranar zama kotu ta cika, don duk ƙauyen sun biyo mu kallo. Kawu ya sha farar riga, ga carbi, ya yi bayani da murya mai rawa har wasu suna gyaɗa kai. Alƙali dattijo ne mai natsuwa, ya juyo wajen Iya ya tambaye ta ko abin da ƙaninta ya faɗa haka ne.

"Allah ya gafarta Malam, tun da tuba ya zo yi, ina so ya yi ta duka. Ranar da na same shi a kwari ina roƙon kunya goma, me ya aiko mini?"

Alƙali ya ce wa Kawu ya ba da amsa. Kawu ya gyara zama.

"Yaya Ikilima, ai na aika da abin da ya sawwaƙa."

"Yana da suna."

Carbin ya tsaya. Can ya ce, "Dusa." Aka yi ta salati ƙasa-ƙasa a bayanmu.

"Yarinyar da ke bayana a ranar, wadda ta sha dusar, yaya sunanta?"

Na zuba masa ido. Ya dubi rufin ɗaki, ya dubi ƙafarsa, ya motsa baki. Ba taurin kai ba ne, na rantse da na ga taurin kai da na fi jin sauƙi. Nema yake yi da gaske bai samu ba.

"Sa'adiya ce ko?" in ji shi.

"Safina," in ji Iya. Muryarta ba ta ko girgiza ba. Ta juya wajen alƙali. "Allah ya gafarta Malam, ya cuce ni. A rubuta haka. A ba ni kwarin."

Alƙali ya tambaye ta sau biyu ko ta san halin da gonar ke ciki yanzu. Ta ce ta fi kowa sani. Aka rubuta, kowa ya dangwala yatsa, tare da sharaɗin cewa ba mai sake tayar da maganar. Ita ce ta nemi a sa wannan sharaɗin, Kawu kuwa har yana saurin amincewa.

A hanyar komawa mata suna ta ce mata ta yi wauta, zuciya ta sa ta ba da gero ta karɓi kwaɗi. Maigidana ya wuce gaba don takaici. Da muka rage mu biyu, ta ce mini, "Da ya tuna sunan, da na ce ya riƙe kwarinsa. Da na kai shi gindin giginya na koya masa karatun Baba, na samo masa irin da ya dace. Na shiga da niyyar haka, Allah shaida ne."

Ba ta zauna ba. Ta hau mota har wajen wata ƙawar ƙuruciyarta, Rakiya, da ke aure a ƙasar Haɗeja, ta dawo da tiya uku na jar shinkafa irin ta da, mai dogon kara, wadda ke bin ruwa tana tsawo. Ta shuka ta a tsakiya tun ruwan fari, kafin kwari ya cika, ta sa dawa a gefe-gefe kamar yadda ubanta ke yi. In ruwa ya yi yawa shinkafa ta ci, in ya yi kaɗan dawa ta ci. Shekarar farko ta wahala, tsohuwa a cikin ruwa har ƙugu, matsattsaku suna kama ta. Na yi mata faɗa, ta ce in je in yi wa 'ya'yana.

Kawu kuma ya ci tudu shekara biyu yana baza riga. Ko kwando ɗaya na taki bai kai ba, yana ganin ruwa ne ke yin komai. Rairayi kuwa ba ya ajiya. A shekara ta uku damin ya ragu da rabi. A ta huɗu, ruwa ya yi latti a ƙauyen, sannan ya ɗauke daidai lokacin da gero ya ɗauki ciki. Aka yi roƙon ruwa sau biyu. Hadari ya haɗu ya watse. Geron tudu ya bushe da cikinsa, dawar Iya kuwa tana gefen kwari kore shar.

Ina ƙauyen a lokacin. Wata rana da hantsi, muna cire ciyawa ni da ita. Sai ga shi ya gangaro daga tudu. Ya rame, gemun ya yi fari. Ya tsaya nesa kaɗan ya yi sallama, irin wadda bai yi mata ba shekara ashirin.

"Yaya, gidana mutum goma sha ɗaya ne, har da jikoki. Ko kunya kaɗan ce a gefe, in sa wake kafin laimar ta tafi."

Iya ta miƙe a hankali tana dafe da ƙugu. Ba ta dube shi ba, ni ta duba.

"Maijidda, je ki ɗakina. Kin san ta. Buhun da ke bayan ƙofa, ki cika ta, kada ki yi rowa."

Ban taɓa gudu irin na ranar ba, da girmana da 'ya'yana huɗu. Na kwance ɗankwalin, na cika ƙwaryar har ta yi tozo, na kawo. Ta karɓa ta miƙa masa.

"An riga an raba, Nata'ala. Abin da Allah ya ba mutum shi ne nasa. Ga ƙwaryarka, ka ba awaki."

Ya dubi dusar, ya dubi ƙwaryar. Wannan kam ya gane ta, na gani a fuskarsa. Na zaci zai zubar ko ya yi zagi. Bai yi ba. Hannu biyu ya sa ya karɓa.

"Yaran kuma," in ji ta, "su zo gidana safe da yamma, kowa da kowa, har a yi sabon gero. Matarka ma ta zo. Ba yaron da zai sha dusa ina raye. Kai ne dai ba za ka taka mini zaure ba, ba za ka taka mini gona ba."

Ya juya ya hau tudu da ƙwarya a hannu, yana tafiya a hankali kada ta zube. Na tsaya ina kallonsa har ya ɓace, kuma ban ji tausayinsa ko ƙwayar zarra ba. Allah ya yafe mini in laifi ne.

Ta cika alkawari. Wata goma tukunyarta ba ta huta ba. Yaran su jeru a tabarma, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunan kowa kafin ta zuba masa, ba ta taɓa kuskuren ko ɗaya ba. Kawu yana ta bayan katanga yana jin sunayen. Akwai wata 'yar jikarsa mai shekara uku, Kubura, ita a cinya Iya ke ɗora ta, ta yi ta tura mata tuwo har yarinyar ta ture hannu tana kuka.

Da daminar da geron tudu ya bushe ta ƙare, na raka ta gindin giginya. Ta durƙusa da ƙyar ta yi tsagar shekarar a ƙasa, dab da saiwa. Sai na ga ta kai yatsa kan wata tsohuwar tsaga can baya, ita ma a ƙasa, wadda ta fi sauran zurfi nesa ba kusa ba. Na ƙirga da ido, ta tamanin da huɗu ce. Ashe duk shekara in ta zo sai ta ƙara mata wuƙa.

"Iya, yanzu dai kin huce ko?"

Ta sa bakin wuƙar a cikin tsohuwar tsagar, ta ja sau ɗaya, ta goge a zaninta.

"Da yanzu tana da shekara ashirin da uku," in ji ta. "Kama ni in tashi."